Tsakanin Allo da Takarda: Me Ya Sa Na'urar Buga Hoto Ke Ƙin Hoton da Aka Gyara?

Tun da kyamarar dijital da wayar hannu suka ture fim daga kasuwa, wanke hoto ya bar ɗakin duhu ya koma kan tebur. Ƙananan na'urori irin su Selphy na kamfanin Canon sun sa ɗalibi ko mai ɗaukar hoton biki na iya fitar da hoto a takarda nan take. Sai dai akwai ƙorafin da ya zama ruwan dare: hoton da ya fito daga kyamara kai tsaye yakan bugu lafiya, amma da zarar an gyara shi a kwamfuta an mayar da shi kan kati, sai na'urar ta ƙi ganinsa, ko ta fito da shi da duhu, ko ta gutsure kan mutum. Nan da nan sai a ce na'urar ta lalace. A mafi yawan lokuta lafiyarta ƙalau, mai amfani da ita ne bai san ƙa'idar da take bi ba.

A shekarar 1998 masana'antun lantarki na ƙasar Japan suka fito da tsarin da ake kira DCF, wanda ya tsara yadda kyamara za ta jera hotuna a kan kati. Dole a sami babbar jaka mai suna DCIM, a cikinta kuma wata jakar da sunanta ya fara da lamba daga 100 zuwa 999. Sunan kowane hoto baƙaƙe takwas ne, huɗu na ƙarshe lambobi, alal misali IMG_0001.JPG. Ƙaramar na'ura ba ta da ƙwaƙwalwa irin ta kwamfuta, saboda haka inda ta saba samun hoto nan take dubawa. Manhajar gyara kuwa takan sauya suna, ta goge bayanan Exif da kyamara ta liƙa wa hoton, ko ta adana shi a nau'in JPEG na mataki-mataki, wanda ke bayyana dishi-dishi sannan ya washe. Da yawa daga cikin waɗannan na'urori nau'in tushe suka sani, wanda ke zuba hoto layi-layi daga sama zuwa ƙasa. Bugu da ƙari, tun shekarar 2017 wayoyin iPhone ke adana hoto a nau'in HEIC, wanda tsofaffin na'urori ba su san shi ba. Maganin wannan duka shi ne a adana hoton a JPEG na tushe, a ba shi suna irin na kyamara, a mayar da shi jakar da aka ɗauko shi.

Batun launi ya fi wannan zurfi, domin tushensa yana cikin idon ɗan Adam. A tantanin bayan ido akwai ƙwayoyin halitta iri uku masu gane launi, kowane iri da tsawon zangon hasken da ya fi motsa shi, kamar yadda masanin Ingila Thomas Young ya yi hasashe tun 1802. Allo yana cin gajiyar wannan ta hanyar fesa hasken ja da kore da shuɗi kai tsaye cikin ido. Takarda kuwa ba ta da hasken kanta. Wanda ya sauka a kanta take shanye wani sashe ta mayar da saura. Shi ya sa irin wannan na'ura ke aiki kamar marini mai tsoma zane sau da yawa: takardar takan ratsa ta sau huɗu, zafi yana sauke mata rawaya, sai ja mai ruwan garura, sai shuɗi mai haske, daga ƙarshe a shafa mata rufin kariya. Wanda ya ƙure hasken allonsa yana gyara hoto da dare, ya yaudari idonsa ne, kuma takarda za ta tona asirin. Ya kamata a rage hasken allo, a kuma adana hoto a ma'aunin launi na sRGB, wanda kamfanonin HP da Microsoft suka gabatar a 1996. Hoton da aka adana a Adobe RGB yakan fito a koɗe idan na'urar ta ɗauke shi a matsayin sRGB.

Yankewar gefe kuwa lissafi ne kawai. Takardar tana da milimita 100 a faɗi da 148 a tsawo, wato kusan biyu bisa uku, alhali yawancin wayoyi uku bisa huɗu suke ɗauka. Idan mai hoto bai yanke da kansa ba, na'urar za ta yanke inda ta ga dama. Kuma da yake tana zuba ɗigo 300 a kowane inci, hoto yana bukatar ɗigo kimanin 1,200 a faɗi da 1,800 a tsawo. Wanda aka yi ta turawa ta WhatsApp an riga an matse shi, kuma abin da ya zube ba ya kwasuwa.

A nan ne maganar ta wuce ta hoton biki. Tsarin JPEG, wanda aka kafa a 1992, yana zubar da wani abu daga hoto duk lokacin da aka gyara aka sake adanawa. Ga ɗalibin ilimin halittu, hoton ganyen da cuta ta kama, ko na jinin da aka rina aka duba a madubin likita don neman ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, shaida ce, kuma launin nan shi ne shaidar. Wanda ya yi ta ƙara wa hoto kauri don ya yi kyau a takarda, yana iya ƙirƙiro abin da babu ko ya shafe abin da ke akwai. Ba banza ba mujallar Journal of Cell Biology ta fara binciken hotunan da ake aika mata tun 2002. Ƙa'idar da masana suka yarda da ita a fili take: gyaran haske ya shafi hoton gaba ɗaya, kada a cire ko a ƙara wani sashe, a kuma ajiye na asali yadda kyamara ta ɗauke shi.

Wasu za su ce nauyin kamfanoni ne su ƙera na'urar da za ta karɓi kowane hoto. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin saƙon da na'urar ke nunawa ba ya bayyana dalilin ƙin, kuma sababbin na'urori masu karɓar hoto daga waya ta manhaja sun rage wahalar. Amma manhajar da ke gyara komai a ɓoye tana yanke wa mai hoto hukunci ne ba da saninsa ba, mai bincike kuwa bai kamata ya miƙa shaidarsa ga abin da bai fahimta ba.

Saboda haka ya dace sassan kimiyya na jami'o'i su ware ko da darasi ɗaya ne a ɗakin gwaji don koyar da sarrafa hoto, kamar yadda ake koyar da saita madubin likita. Ɗalibi ya san cewa kwafi ake gyarawa, na asali kuwa a ajiye shi a wuri biyu. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, kuma takarda ɗaya ta gwaji ta fi arha a kan rahoton binciken da aka gina bisa hoton da ba a iya kare shi.