Mai Horar da Jiki Ba Na Masu Tumbi Kaɗai Ba Ne

A teburin mai shayi a Sabon Birni, da an ambaci mutumin da ake biya don ya koya wa wani motsa jiki, dariya ce ke fara tashi. Wani ya ce wannan ai sai alhazan birni da tumbi ya dama. Wani ya ce harkar samari ce masu neman ƙwanji su ɗora hoto a Facebook. Manomin Unguwar Lalle kuwa fartanyarsa zai nuna: wanda ya yini a gonar gero, wane koci ne zai ƙara masa gumi?

Manomin yana da gaskiya, muddin yana zuwa gonar. To amma shekarun nan 'yan bindiga sun raba dubban mutanen Isa da Sabon Birni da gonakinsu. Wasu suna zaune a gidajen dangi cikin gari, wasu sun tsallaka Gidan Rumji a jihar Maraɗi. Jikin da ya saba da huɗa da girbi yanzu yini yake a kan tabarma, ga tunani ga rashin barci, hawan jini kuwa irin zaman da yake so ke nan.

Shi horo ai ba baƙo ba ne a ƙasar Gobir. A yankin da har yau ake tuna Kantu na Maraɗi, wanda ya ɗauki takobin farko na kokawar Nijar a Tawa a 1975, kowa ya san yaro ba ya shiga fili sai tsohon hannu ya gyara masa tsayuwa da kamu. Kuskuren shi ne ɗaukar cewa mai ƙarfi kaɗai ya cancanci a tsaya a kansa.

Wanda ya fi kowa bukatar mai horarwa shi ne dattijon nan da ya koma sallah a zaune don gwiwa ta ƙi. A sa shi ya tashi daga kujera ya koma sau goma, hannunsa dafe da bango, ana ƙidaya masa, gobe ma a maimaita. Haka mai shanyewar ɓarin jiki da aka sallamo daga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Likitan gashin ƙashi ya nuna masa yadda zai riƙa ɗaga hannu da buɗe yatsu, amma komawa asibiti tafiyar sa'o'i ce a hanyar da ba ta da tabbas, a gida kuma tausayi ke sa a kwantar da shi a yi masa komai har gaɓoɓin su sandare. Wannan abin ban takaici ne, domin minti ashirin kullum tare da wanda ya san aikin kan iya mayar masa da cokali hannunsa.

Mata su aka fi bari a baya. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 sun nuna kashi 31 cikin ɗari na manyan mutanen duniya ba sa motsa jiki yadda ya kamata, mata kashi 34, maza 29. Hukumar ta ce baligi ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, mai shekara 65 zuwa sama kuma ya ƙara da atisayen da ke hana faɗuwa kwana uku a mako. Mai jego da ciwon baya ya addaba ba za ta je filin ƙwallo ba, kuma ba sai ta je ba. Tsakar gida ta isa, in har akwai mace 'yar'uwarta da aka koya wa aikin.

Ba kuma a ce kowa ya tashi ya kama gudu ba. Mai hawan jini ko ciwon suga sai an auna shi tukuna, shi ya sa ake bukatar mai ilimin abin.

Shugabannin ƙananan hukumomin Isa da Sabon Birni suna da ma'aikatan lafiya a asibitocin ƙauye, suna da malaman wasanni a sakandare. Su tura wasu daga cikinsu, maza da mata, su koyo wannan aiki wurin likitocin gashi a Sakkwato, sannan a ware musu rana guda a mako ta dattawa da masu jinya.