Sakin 'ya'yan kifi: Tambayar da ba a yi kafin a zuba

Duk lokacin da aka yi bikin zuba 'ya'yan kifi a madatsar ruwa, adadi ake shelantawa: dubu kaza aka saki. Ba kasafai ake faɗin makonninsu nawa da ƙyanƙyasa ko dalilin zaɓen watan ba, alhali a nan riba da asara suke rabuwa.

Masu kiwon kifin salmon sun daɗe da gane haka. Japan da Amurka da Rasha da Kanada na sakin 'ya'yansa kusan biliyan 5 duk shekara a arewacin Tekun Fasifik, amma kaɗan ne ke dawowa. Wani bincike da aka wallafa a Kanada a 1982 ya nuna waɗanda aka saki a Yuni sun fi na Afrilu dawowa.

Babu salmon a ƙasar Zuru, amma tarwaɗa ma haka take. Ɗan kifi mai mako huɗu ya fi araha, shi ya sa ɗan kwangila da ma'aikacin da ya haƙa kududdufi a bayan gida suke rububinsa. Sai dai a wannan girman abincin kwaɗi ne da tsuntsaye, a babban ruwa kuma ga tsage da giwan ruwa. Ko 'yan uwansa da suka riga shi girma cinye shi suke yi. Mai mako takwas ya fi tsada, amma ya fi ƙarfin baki.

Sai batun wata. Tarwaɗa na son ruwa mai ɗumi. A sanyin hunturun Disamba da Janairu takan rage ci. Wanda aka zuba a ƙaramin tafki a ƙarshen damina kuwa, ruwan na iya janyewa kafin ya isa kasuwa. Abin takaici, sau da yawa ranar fitowar kuɗi ce ke tsayar da ranar sakin.

Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Zuru, wadda aka kafa a 2020, da cibiyar binciken kifi ta New Bussa za su iya raba gardamar: a saki rukuni biyu masu alama, a ƙirga abin da ya shiga komar masunta bayan wata shida.