Wa Ke Biyan Kuɗin Labarin Arewa A Silima?

Daga shekarar 2019 zuwa ta 2024, finafinai huɗu Nijeriya ta aika gasar Oscar da ake yi kowace shekara a Amurka, a sashen finafinan ƙasashen waje. Biyu daga cikinsu da Hausa aka yi su. Wannan abin alfahari ne ga 'yan Arewa mazauna Kudu, amma yana da kyau masu karatu su san yadda aka yi hakan ta faru, domin ba a banza harshen ya sami wannan daraja ba.

Fim na farko da aka aika shi ne Lionheart na Genevieve Nnaji, wanda Sani Mu'azu da Yakubu Mohammed suka fito a cikinsa. A watan Nuwamba na 2019 alƙalan gasar suka fitar da shi, saboda dokarsu ta ce tilas fiye da rabin maganar fim ya kasance ba da Turanci ba, shi kuwa Ibon da ke ciki bai wuce na minti goma sha ɗaya ko sha biyu ba. Da shekara ta kewayo sai aka aika The Milkmaid na Desmond Ovbiagele, labarin 'yan matan Fulani masu tallar nono da 'yan ta'adda suka sace, wanda aka ɗauka a Jihar Taraba, Maryam Booth kuma tana cikin manyan 'yan wasansa. A 2024 kuwa aka aika Mai Martaba na Prince Daniel, wanda aka fi sani da Aboki, labarin rigimar gadon sarauta da aka ɗauka a Daura tare da Adam A. Zango. Babu ɗayansu da ya shiga jerin finafinai goma sha biyar da ake tacewa kafin zagayen ƙarshe.

Watau dai in ana neman fim ɗin da zai nuna wa duniya cewa ƙasar nan tana da harshe nata, sai a tuna da Hausa. Amma fa in aka zo maganar kuɗin ƙofa, labari ya sha bamban.

A farkon watan Janairu na 2024, fim ɗin Funke Akindele mai suna A Tribe Called Judah ya zama na farko a tarihin Nijeriya da ya tara fiye da Naira miliyan dubu ɗaya a gidajen silima. Labarin wata uwa ce mai 'ya'ya maza biyar, kowanne da ubansa daga wata ƙabila dabam, suka haɗa kai suka shirya sata domin biyan kuɗin jinyarta. Uzee Usman ne ya fito a matsayin Adamu, ɗan Bahaushen cikinsu, kuma sana'ar da aka ba shi ita ce gadi. Lalle ba a wulakanta Adamu ba, yana ma cikin masu hankalin gidan. Duk da haka, wanda ya zauna Ikko ko Badun ko Fatakwal ya san cewa an daɗe ana ba ɗan Arewa wannan riga a wasannin Kudu. In ba mai gadi ba ne, to Alhaji ne mai kuɗi da yawan aure.

Ƙorafin da aka yi kan Amina ya fi wannan zafi. Izu Ojukwu ne ya shirya fim ɗin a kan Sarauniya Amina ta Zazzau, kamfanin Netflix kuma ya fitar da shi a watan Nuwamba na 2021. Jama'a da yawa a Arewa suka ce yawancin maganar da Turanci ce, suturar ba ta Zazzau ba ce, kuma tarihin an yi masa kwaskwarima. Masu wannan ƙorafi suna da gaskiya a wurare da dama. Abin da ba su faɗa ba shi ne, tun 1990 da aka fara finafinan bidiyo na Hausa da Turmin Danya a Kano, labarin Amina yana nan a ajiye, babu wanda ya hana attajiran Arewa su zuba jari a yi shi yadda ya kamata.

Asalin matsalar ke nan. Mai shirya fim ɗan kasuwa ne, kuma wanda ya biya kuɗin shiga shi yake ƙoƙarin gamsarwa. Yawancin gidajen silima na zamani a Kudu da Abuja suke, Ikko ce kuma ke da kaso mafi tsoka. A Kano, garin da Plaza da Eldorado da Orion suka yi tashe a da, zuwa silima ya zama abin da mutum mai iyali ke jin nauyin a gan shi yana yi. Ko a 2016 da Gwamnatin Tarayya ta yi niyyar gina ƙauyen shirya finafinai a Kofa, kan kuɗi kimanin Naira miliyan dubu uku, sai da aka janye maganar bayan malamai da wasu jama'a sun nuna ba su yarda ba.

To, ina ɗan Arewa mazaunin Kudu yake kallo? A wayar hannu. Mai sayar da tumatir a Mile 12, da ɗan canji a Sabo, da mai shayi a Agege, in dare ya yi Labarina ko Izzar So ko Daɗin Kowa suke bi, ko dai ta YouTube, ko kuma a je wurin masu tura fim a waya a ba su 'yan canji. Kuɗin da aka bai wa mai turawa ba ya isa hannun wanda ya shirya wasan. Mutane ne masu ɗimbin yawa, suna kallo fiye da yadda ake zato, amma babu littafin ciniki ko ɗaya da aka rubuta su a ciki. Saboda haka manajan silima a Ikeja ba shi da hujjar da zai ware wa fim ɗin Hausa zaure ko da na mako guda.

An yi tsammanin kamfanonin intanet za su cike wannan giɓi. A ƙarshen Disamba na 2023 Netflix ta fitar da War: Wrath and Revenge, wasan siyasar wata jihar Arewa ta ƙage, da Rahama Sadau a gaba, ko da yake kamfanin EbonyLife na Ikko ne ya shirya shi. Sai dai wata guda bai cika ba Amazon ta daina ba da kuɗin shirya sababbin finafinai a Afirka. Netflix ta ƙara kuɗin wata sau biyu a cikin 2024, kuma a Disamba na shekarar Kunle Afolayan ya faɗa a bikin finafinai na Zuma a Abuja cewa kamfanin ya daina ba da kwangilar sababbin ayyuka, ko da yake kamfanin ya ce bai bar ƙasar ba. Idan manyan 'yan Kudu suna kuka, ba sai an tambayi halin mai shirya fim a Kano ba. Shi har wa yau yana da Hukumar Tace Finafinai ta jiha a kansa, wadda a watan Mayu na 2025 ta dakatar da wasanni 22 masu dogon zango, har da Labarina da Daɗin Kowa, bisa laifin rashin kai su a duba kafin a sake su.

A watan Janairu na 2024 Shugaba Tinubu ya naɗa Ali Nuhu shugaban Hukumar Finafinai ta Nijeriya mai hedkwata a Jos. Mutum ne da ya yi aiki a ɓangarorin biyu, ya san kowa. Amma hukumar ba ita ke da gidajen silima na Ikko ba, ba ita ke tsara musu abin da za su nuna ba. Masu wannan iko 'yan kasuwa ne, lissafi suke ji. Shugabannin Hausawa na Agege da Idi-Araba da Sabo, da ƙungiyoyin 'yan kasuwar shanu da na gwari, suna iya tara mutum ɗari biyu a rana guda in ana bikin naɗin sarauta. Da za su kama zaure ɗaya a daren wata Asabar su sa a nuna Mai Martaba, a sayi tikiti a ƙirga, da manajan ya sami adadin da zai kai wa masu gidan.