A Duba Yanayi Kafin A Sayo Itacen Ado

A ƙasar Japan akwai wani ɗan itacen ado mai suna momiji, wanda masana tsirrai ke kira Acer palmatum. Wani irinsa yakan sunkuyar da rassa ƙasa, ganyensa tsage-tsage, idan kaka ta yi ya koma ja wur. Kyawun nan ne ke jan masu hali a ƙasashen zafi da laima su zuba kuɗi su sayo shi, galibi kuwa asara ce.

Dalili a fili yake. Itacen nan sai ya sha hunturu, ya zubar da ganye, ya huta, sa'an nan ya tofo da ƙarfi. Inda babu sanyi, kowace shekara ƙarfinsa raguwa yake yi. Zafin rana yana ƙone bakin ganyensa, ƙasa mai riƙe ruwa kuma tana ruɓar da saiwarsa. Ko a Amurka, a jihar Jojiya, akan dasa shi inda hantsi kaɗai ke taɓa shi, a rufe gindinsa da ɓawon itace. A Miyami kuwa da wuya ya rayu, balle a Legas ko Fatakwal.

Ba baƙuncinsa ne laifi ba. Dogon yaro ma asalinsa Indiya, an kawo shi Barno a 1928, ya bunƙasa domin yanayin ya karɓe shi. Saboda haka wajibi ne masu kula da lambunan gwamnati su binciki irin sanyi da ruwan da itace ya saba da su kafin su kashe kuɗin jama'a a kansa.