Kwanto a ƙasa ko a kan bishiya: muhawarar mafarautan Amurka

Duk shekara, daga watan Oktoba zuwa Disamba, miliyoyin mutane a Amurka kan fita farautar barewa mai farar wutsiya. Yawancinsu ba bin sawu suke yi ba, kwanto suke yi: mutum ya zaɓi wurin da dabbar ke bi, ya zauna shiru na sa'o'i har ta iso. Abin da ya raba kansu shi ne inda ya kamata a zauna. Wasu kan ɗaure ɗan dandamalin ƙarfe a jikin bishiya, mai tsayin mita 5 zuwa 6 daga ƙasa. Wasu kuma kan kafa wata 'yar bukka ta yadi mai launin ganye, wadda ake warewa cikin minti ɗaya ko biyu, a naɗe ta idan an tashi. A ganina bukkar ce ta cancanci zama zaɓin farko, hawa bishiya kuwa a bar shi ga wanda ya shirya masa.

Masu hawa bishiya suna da hujjoji masu ƙarfi. Babban makamin barewa shi ne hancinta, kuma wanda ke sama iska kan ɗauke warinsa ta wuce da shi bisa kan dabbar. Yana hango nesa, ga shi ya kauce daga saitin idonta. Haka nan idan ya harba, ƙasa yake saitawa, don haka harsashin da ya kuskure turɓaya zai shiga. Mai bukka kuwa a miƙe yake harbi, dole ya san abin da ke bayan abin da ya auna.

Sai dai farashin wannan fifiko yana da tsada. Binciken asibitoci a jihohi da dama ya nuna cewa faɗowa daga bishiya ta fi harbin kuskure jikkata masu farautar barewa. Yawanci a lokacin hawa ko sauka ake faɗowa, da asuba ko bayan magariba, cikin sanyi da duhu, ga kaya masu nauyi a jiki. Sakamakon kan kasance karayar ƙashin baya, shanyewar jiki ko mutuwa. Akwai ɗamarar tsaro da ke riƙe mutum da bishiyar, amma sai ga wanda ya ɗaura ta tun daga ƙasa. Ko ita ma, idan mutum ya daɗe yana reto a cikinta, jini kan taru a ƙafafunsa har ya suma.

Bukka ta kawar da wannan hatsari ɗungurungum. Tana ɓoye motsi, tana tare iska da ruwan sama, kuma ana iya kafa ta a fili ko gefen gona inda babu bishiyar hawa. Aibinta sananne ne: barewa ta san dajinta, tana kuma zargin duk baƙon abu. Maganin shi ne a kafa bukkar kwanaki kafin farauta, a lulluɓe ta da rassa har dabbobi su saba. Talotalon daji ma bai damu da ita ba ko da ranar aka kafa. Ɗaya matsalar ita ce wani mafaraucin ba zai san da mutum a ciki ba. Shi ya sa jihar Wiskonsin ta wajabta liƙa ƙyalle mai ruwan lemo mai haske, inci murabba'i 144, a jikin bukkar da aka kafa a filayen gwamnati lokacin farautar bindiga. Wannan bai korar barewa, domin idonta bai bambance wannan launi sosai. Dabarar ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe: maharbin da ke ɗaura kan burtu a goshi ya sunkuya, shi ma a ƙasa yake yaudarar idon dabba.

Akwai dalilin da ya wuce lafiyar mutum ɗaya. A farkon ƙarni na 20 barewar nan ta kusa ƙarewa a Amurka, yau kuwa ana ƙiyasta yawanta ya kai kusan miliyan 30. Kuɗin mafarauta na daga cikin abin da ya farfaɗo da ita: kuɗin lasisi, da harajin dokar Pittman-Robertson ta 1937, wadda a yau ke ɗora kashi 11 cikin ɗari kan dogayen bindigogi, harsasai da kayan baka, a raba wa jihohi don kula da namun daji. Amma mafarautan suna tsufa, matasa kuma ba sa shigowa yadda ake so. Dattijo mai ciwon gwiwa ba zai hau mita 6 ba, mai keken guragu ma haka, kuma babu uba mai hankali da zai ɗora ɗan shekara goma a can. Dukansu za su iya zama cikin bukka, uba da ɗa kafaɗa da kafaɗa, ana koyarwa da raɗa.

Saboda haka, wanda yake da ƙarfi, ya ƙware, kuma ba ya barin ɗamararsa a mota, ya hau. Sabon shiga, dattijo da mai rakiyar yaro su zauna a ƙasa. Barewar da aka rasa bana za a iya samun wata baɗi, ƙashin baya kuwa guda ɗaya ne.