El Camino a Kasuwa: Fenti Ba Shaida Ba Ne



Duk wanda ya tashi a Arewa ya san akori-kura, Peugeot 404 ko 504 ɗin nan da gabanta ƙaramar mota ce, bayanta kuma buɗaɗɗen bodi na ɗaukar buhuna. To, Amurkawa ma sun yi irin tasu. Kamfanin Ford ne ya fito da Ranchero a 1957, Chevrolet ya mayar da martani da El Camino a 1959. Shekara biyu kacal aka yi ana ƙera ta aka dakata, ta dawo a 1964 bisa ƙirar Chevelle, aka ci gaba har 1987. Yanzu sai ta hannu, kuma masu son tsofaffin motoci a can rububinta suke yi.

A ce yau an kasa guda biyu 'yan 1970. Ɗaya ta sha sabon fenti tana ɗaukar ido, an manna mata tambarin SS. Ɗayar fentinta ya koɗe, mai ita kuma da kansa yake nuna maka inda tsatsa ta ci. Ni dai na fi yarda da ta biyun, ko da za a ce ban san abin kirki ba.

Dalilina shi ne tsatsa. A jihohi irin su Michigan da Ohio gishiri ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara, gishirin kuwa cin ƙarfe yake yi ta ƙasa, inda ido ba ya kaiwa. Shi ya sa motar da ta yi zamanta a busasshiyar jiha kamar Arizona ta fi daraja. El Camino kuma tana da wani rauni nata na daban. Da yake ƙasanta na motar iyali ne aka ara, akwai wani rami a gaban bodin ɗaukar kaya, dab da bayan direba, an rufe shi da faranti na ƙarfe. Ruwa kan silala ya kwanta a ciki shekara da shekaru. Haka ma gefen gilashin baya. Mai gyaran bodi zai iya cike ramukan jiki da fila, ya goge, ya fesa fenti, motar ta fito kamar amarya. Kyan ɗan maciji ke nan. Ɗora mayen ƙarfe a wurin, in ya ƙi kamawa, ka san abin da ke ƙasa.

Shi kuwa tambarin SS, a shago ake sayar da shi. SS 454 ta 1970 mai injin LS6, wanda aka ƙiyasta ƙarfinsa da doki 450, ita ce kowa ke mafarki, don haka jabunta ya yi yawa. Lambar shasi ta wannan shekarar ba ta nuna ko mota SS ce. Shaidar ita ce takardar da masana'anta ta haɗo motar da ita, wadda akan tsinta a ƙarƙashin kujera ko a saman tankin mai, sai kuma lambar da aka buga a jikin inji ta dace da ta shasi.

Agogon tafiya ma ba abin rantsuwa ba ne. Lamba biyar gare shi, in ya kai mil 99,999 sai ya koma sifili. Wadda ke nuna 40,000 tana iya zama 140,000. Robar birki da kujerar direba sun fi shi faɗin gaskiya.

Na san wani zai ce ai shi hawa zai yi, ba zaman gareji ya zo ba, kuma motar da ta haura shekara hamsin dole a sake mata fenti. Gaskiya ne, fenti ba laifi ba ne. Amma wanda ya yi gyara tsakani da Allah yakan ɗauki hoton ƙarfen tsirara kafin a fesa, ya adana rasit na kayan da ya saya. In mai motar ya miƙo maka waɗannan, sai a zauna a yi ciniki. In ya fara kame-kame yana cewa hotunan sun ɓata, ni kam wurin mai koɗaɗɗen fentin zan koma, in ce ya buɗe mini wancan farantin mu gani.