Keken Giya A Kan Kwalta: Ka Sauke Tayar Nan Mai Haƙora

Yawancin kekunan giya na gwanjo da ake saya, na hawa dutse ne. Tayarsu mai haƙora an yi ta ne don laka da tsakuwa. Kai kuma kullum a kan kwalta kake, daga gida zuwa shago ko makaranta. Ra'ayina shi ne ka sauke ta, ka sa mai sulɓi.

Wannan gurnanin da kake ji idan ka ɗauki gudu, ƙarfin ƙafarka ne ke tafiya a banza. Kowane haƙori yana lanƙwasawa idan ya taɓa kwalta, ga shi suna saurin cinyewa. Taya mai sulɓi kuwa robarta tana kwanciya sosai a kan titi, feda ta yi sauƙi, ka isa ba ka jiƙe da gumi ba.

Wani zai ce ai za ta yi santsi. Kar ka haɗa ta da suɗaɗɗiyar taya. Waccan robarta ce ta ƙare, wannan kuwa haka aka ƙera ta, da kaurinta.

Inda ake asarar kuɗi shi ne wajen awo. Duba gefen tsohuwar tayarka, za ka ga lamba kamar 54-559. Ta farko faɗi ce, ta biyu girman rim. Inci 26 na keken dutse 559 ne, 27.5 kuma 584, sai 29 da yake 622. Wannan ta biyun dole ta zo daidai. Akwai taya 26 x 1 3/8, ita 590 ce, ba za ta zauna a rim ɗinka ba duk da an rubuta 26. Ka nemi 26 x 1.5 ko 1.75, ka sayi tiyub daidai faɗinta, don babba zai naɗe a ciki ya fashe. Wajen mai faci kuma kar a wuce iskar da aka rubuta a jikin tayar.

Amma fa gaskiya ɗaya ce: idan layinku yashi ne, ko damina na mayar da shi taɓo, mai sulɓi za ta kayar da kai a kwana. Kai nemi wadda tsakiyarta sumul, gefenta da ƙananan haƙora.

Hanyar da kake bi kullum ita za ta zaɓa maka taya. Allah ya tsare.